Kyanwar Riƙo: Amanar da Ake Mantawa Ranar Ƙaura

Ranar da iyali suka yanke shawarar barin ƙauye, ba a tsayawa dogon lissafi. A naɗe katifa, a kife tukwane cikin juna, a ɗora buhun masara ɗaya ko biyu a bayan a-kori-kura. Awaki a ɗaure musu ƙafa, kaji a zuba su a kwando, tsohuwa ta shiga gaba, yara su lafe a kan kaya. Sai mota ta hau kwalta, an doshi Yankara ko Faskari ko Funtuwa, sannan wata yarinya za ta ɗaga kai ta ce, "Inna, ina kyanwa?" Ba mai amsa mata. Kyanwa tana can ƙarƙashin rumbu, inda hayaniyar kwashe kaya ta kora ta tun da asuba.

Yankara gari ne a ƙaramar hukumar Faskari, a kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, dab da iyakar Katsina da Zamfara. In ka wuce shi kaɗan ka shiga ƙasar Tsafe. Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa kujera ɗaya suke da ita a Majalisar Wakilai, kuma ba kujerar kaɗai ta haɗa su ba. Noman masara da dawa da auduga ya haɗa su, makwabtaka da daji ta haɗa su, haka kuma wahalar shekarun nan. A watan Yunin 2020 aka kai wa ƙauyen Kadisau na Faskari harin da ya ci rayuka masu yawa. Ranar 11 ga Disambar wannan shekara aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da waɗannan ukun. A tsakanin waɗannan manyan labarai akwai ƙaura iri-iri da ba ta shiga jarida: gida ɗaya yau, gida uku gobe.

Mai karatu zai iya cewa, inda ake maganar rayukan mutane, wa ke ta kyanwa? Tambayar tana kan hanya, kuma ba wanda zai auna ran mutum da na dabba. Sai dai waɗanda abin ya shafa su ne ke tambayar kyanwar. Mutumin da ya koma ƙauye da hantsi don ya kwaso sauran hatsi, shi ne ke dawowa da ita a bayan babur, saboda yara sun hana shi sakat. Ɗakin hayar da suka samu guda ɗaya ne, mai gidan ba ya son dabba, don haka sai a miƙa ta ga 'yar'uwa ko maƙwabciya: "Yaya, ga amana nan, sai Allah ya sa mun samu wuri." Daga wannan rana ta zama kyanwar riƙo.

Riƙo ba baƙonmu ba ne

Bahaushe ya san riƙo tun kafin ya san boko. Goggo ta riƙi 'yar ƙaninta har ta aurar, kishiya ta riƙi ɗan kishiya, a ba mace tunkiya ta yi kiwo a raba abin da ta haifa. Mun kuma san bambancin riƙon kirki da riƙon sakainar kashi. A Ingila akwai ƙungiyar Cats Protection, wadda aka kafa a 1927, da ke ba masu aikin sa kai kyanwoyin da suka rasa gida su riƙe a ɗakunansu kafin a samo musu mazauni. A Yankara wannan aikin yana wuyan maƙwabciya, kuma abin da ke tsare shi kunya ce da tsoron Allah.

Addini ma bai bar mu a duhu ba. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya karanta Muwaɗɗa ta Imamu Malik ya ci karo da labarin Sahabi Abu Ƙatada, da ya karkata wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarsa har ta sha, ya kuma sanar cewa Manzon Allah (SAW) ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-komo a tsakanin mutanen gida. Laƙabin Abu Huraira kansa daga 'yar kyanwa ya samo asali. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba, har ta mutu. A birnin Alƙahira, a ƙarni na 13, Sarki Baibaras ya yi waƙafin wani lambu don ciyar da kyanwoyin da ba su da mai su.

Wannan hadisi na matar yakan sa wasu jin nauyin rufe kyanwa a ɗaki ko da na kwana ɗaya. Malamai sun bayyana cewa laifin matar shi ne tsarewa tare da hana ci da sha. Wanda ya killace dabba don ya kare ta, yana ba ta abinci da ruwa, yana cika amana ne. Wannan bayani yana da muhimmanci, domin riƙon kyanwa da killacewa yake farawa.

Abin da ke mayar da ita kufai

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kawo ta, a buɗe buhu a tsakar gida, a ajiye mata tuwo. Kafin ka ƙifta ido ta haura katanga. Wata ba a sake ganinta. Wata kuwa, in ƙauyen bai yi nisa ba, sai a tarar da ita bayan kwanaki a kufan gidansu, ta rame, tana zagaya rumbun da ba kowa. Sai a ce ba ta da sabo, ko a ce butulu ce.

Ba butulci ba ne, halittarta ce. Kyanwar gida ta samo asali ne daga kyanwar dajin Afirka da Gabas ta Tsakiya, dabbar da ke farauta ita kaɗai, kowace da yankinta. Ta matso kusa da mutum ne lokacin da ya fara noma yana tara hatsi: hatsi ya kira ɓera, ɓera ya kira kyanwa. A tsibirin Sayifurus an tono wani kabari mai shekara kusan 9,500 da aka binne mutum da kyanwa a gefensa. Ke nan alaƙarta da rumbu ta girmi duk wani gari da muka sani a ƙasar Hausa.

Dabbar da ke rayuwa ita kaɗai, tsaronta yana ga sanin wuri. Ta san inda za ta ɓuya in kare ya biyo ta, ta san katangar da za ta hau, ta san lokacin da muzurun maƙwabta ke wucewa. Wannan sani kuwa da hanci take tara shi. Idan ka ga tana goga kumatunta a ƙafar gado ko bakin ƙofa, wani wari take shafawa wanda hancin mutum ba ya ji, da shi take shaida cewa nan nata ne. A sabon gida ba ko ɗigon wannan wari. Abin da ke akwai shi ne warin baƙin mutane, da na wani muzuru da ya riga ta mallakar wurin. Tana son mutanenta, tana gane muryarsu, amma a ranar tsoro wurin da ta sani take nema. Aikin mariƙiya shi ne ta ba ta lokacin da za ta mayar da baƙon wuri sananne.

Daga hanya ake farawa

An saba ɗaukar kyanwa a buhu, wai don kada ta ga hanya ta koma. Buhun taki ko na leda yana riƙe zafi, iska ba ta ratsa shi, ga sauran sinadari a jikinsa. A bayan babur, cikin ranar watan Afrilu, wannan kaɗai ya isa ya halaka ta. Kwali mai ƙwari da aka huda wa ramuka, ko kwando mai murfi da aka ɗaure da kyau aka lulluɓa masa mayafi mara kauri, ya fi. A yi tafiyar da sanyin safiya.

Abu mafi daraja da za a haɗo da ita bai kai naira ɗaya ba a kasuwa: tsohon zanen da take kwana a kai, ko tsumman da ke kusurwar da ta saba. Kada a wanke shi. Wannan tsumma shi ne guntun gidanta da za ta shiga baƙunci da shi. In tana da 'ya'ya, a kwaso su tare, domin uwar da aka raba da 'ya'yanta ba katangar da za ta tsare ta. 'Ya'yan kuma ba a raba su da nono kafin su cika mako 8.

Ɗaki guda, kwali guda

Gidan Bahaushe a buɗe yake: tsakar gida, zaure, katanga mai gajarta. Don haka a zaɓi ɗaki ɗaya mai ƙofar da ke rufuwa da tagar da ke da raga. A nan akwai tarkon da manomi zai fi kowa ganewa. Ɗakin da ya fi zama babu kowa shi ne ɗakin ajiya, kuma a nan ne ake jibge taki, da maganin feshi, da buhunan wake da masara da aka saka wa ƙwayar kashe ƙwari. Tururin wannan ƙwaya yana kashe mutum a rufaffen ɗaki, balle kyanwa. A nemi wani ɗakin, ko da na tsohuwar gida ne, kuma a lura da zafin rufin kwano da rana.

A cikin ɗakin a ajiye abubuwa huɗu. Na farko maɓoya: kwali a kife da ƙofa a gefe, da tsummanta a ciki. Masu bincike a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan sun gwada wannan a 2014 a wani gidan tara kyanwoyi, suka ga waɗanda aka ba kwalin ɓuya sun fi saurin samun natsuwa a kan waɗanda ba a ba ba. Na biyu ruwa mai tsabta. Na uku abinci. Na huɗu tsohon daro cike da yashi, nesa da abincin, don kyanwa ba ta son yin bayan gida kusa da inda take ci. A riƙa kwashe ƙazantar kullum.

Daga nan sai abu mafi wuya, wato a ƙyale ta. Kwana ɗaya, biyu, har uku, mai yiwuwa ba za a ga ko wutsiyarta ba. Da safe dai za a tarar kwano ya ragu, yashi ya motsa. Wannan ya isa albishir. Kada a jawo ta daga ƙarƙashin gado, kada a tara yara a kanta. Yaran gida za su so su ɗauke ta, su nuna wa abokai. A zaunar da su a gaya musu baƙuwa ce mai jin tsoro, kamar yadda su ma za su ji in an kai su garin da ba su san kowa ba. A Yankara ta yau, yara da yawa ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan wannan.

Mariƙiya kaɗai ta ɗauki nauyin shiga, a lokaci guda kullum. Ta zauna a ƙasa, ta yi tsintar shinkafarta ko saƙar hularta, tana magana a hankali. Kada ta ƙura mata ido, domin a wurin kyanwa ƙura ido barazana ce. In idanu sun haɗu, ta lumshe nata sannu-sannu ta kau da kai. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Sussex ta Ingila a 2020 ya nuna kyanwoyi sun fi kusantar mutumin da ya yi musu haka. In kyanwar ta kwantar da kunnuwa tana huci, a ja baya. In ta fito ta zauna tana lasar jikinta a gabanki, hankalinta ya fara kwanciya. Ranar da ta nufo ki da wutsiya a miƙe sama, ta goga kumatu a ƙafarki, ta sa ki cikin nata.

Ci da sha a gidan da ba rara

Gidan da ya karɓi 'yan'uwa masu gudun hijira ba shi da naman da zai ware wa dabba, wannan gaskiya ce. Amma kyanwa maciyar nama ce, jikinta ba ya rayuwa a kan tuwo zalla. A ƙauye tana cike giɓin da ɓera da ƙadangare. Yanzu da take rufe, duk abin da za ta ci daga hannun mariƙiya zai fito. Ɗan busasshen kifi da aka murmushe a cikin loma biyu na tuwo, hanjin kaza da aka dafa, guntattakin da mahauci ke sharewa daga kan teburinsa, dafaffen ƙwai in an samu: waɗannan sun wadatar. A guji ba ta miya mai albasa da tafarnuwa, domin suna lalata mata jini. A guji dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya soke ta. Madarar shanu kuma, duk da sunan da kyanwa ta yi a kanta, tana sa manyan kyanwoyi da yawa zawo. Ruwa ya fi mata.

Idan ta kwana biyu cur ba ta taɓa abinci ba, a nemi malamin dabbobi, domin doguwar yunwa tana taɓa hantar kyanwa da sauri. Kada tausayi ya sa a jiƙa mata farasitamol. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Ranar buɗe ƙofa

Sannu-sannu ba ta hana zuwa. Mako biyu a ɗaki shi ne mafi ƙaranci, uku zuwa huɗu ya fi. Tun tana ɗaki a saba mata da kira guda, ko ƙwanƙwasa kwano, duk lokacin da za a ba ta abinci. Ranar fita ta farko a zaɓi safiya mai shiru, kafin ta ci. A buɗe ƙofa a bar ta a buɗe, kada a ɗauko ta. Ta fito da ƙafarta, ta shinshina, ta koma. Bayan ɗan lokaci a ƙwanƙwasa kwano. Da dare a mayar da ita ɗaki, har sai ta riƙa komawa da kanta.

In akwai kyanwa a gidan tun da, kada a haɗa su gaba da gaba a rana ɗaya. A shafa tsumma a kumatun wannan a ajiye wa waccan, a yi ta musanyawa har kowace ta saba da warin 'yar'uwarta, kuma kowace da kwanonta. Sai batun da ya fi haddasa faɗa tsakanin maƙwabta: 'yan tsaki da tattabaru. Kyanwar da ta taso cikin kaji yawanci ba ta kula manya, amma ɗan tsako jarrabawa ne. A kife su a akurki ko kwando a makonnin farko. Rigakafin da ya ɗauki minti biyu ya fi shari'ar da za ta kai gaban mai unguwa.

Lafiyarta, lafiyar gida

Kyanwar da ta yi kwanaki a kufai ta yi cuɗanya da abin da ba a sani ba. Cutar haukan kare tana kama kyanwa, tana kuma wucewa ga mutum ta cizo ko yakushi, kuma da zarar alamunta sun bayyana ba a tsira. Akwai allurar rigakafi, ana yi daga wata 3 da haihuwa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu samar da rigakafin wannan cuta, kuma Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da asibitin koyarwa na dabbobi. A fara da tambayar ma'aikacin dabbobi na ƙaramar hukuma. In ta ciji wani ko ta yakushe shi har jini ya fito, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a tafi asibiti a ranar.

Mai juna biyu kada ta kwashe yashin, saboda wata ƙwayar cuta da ke cikin kashin kyanwa tana iya cutar da ɗan tayi. In an ga ƙuma a jikinta, kada a shafa mata fiya-fiya ko maganin wankan shanu da karnuka, domin tana lasar jikinta, kuma wasu daga cikinsu guba ne gare ta ko da ta fata. Gidan da ya karɓi kyanwa kuma ya daina zuba maganin ɓera, don ɓeran da ya ci guba shi ne mafi sauƙin kamu.

Ita ma tana biyan nata. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno a 1969, wani nau'in ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashinsa a kan abinci, kuma ya fi tsananta da rani, daidai lokacin da rumbuna ke cike. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ajiye kyanwa cikin hanyoyin rage ɓera a gida, tare da rufe abinci da nisanta shara. A ƙasar masara irin Faskari da Sabuwa, wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Amana sai an mayar

Riƙo yana da ranar ƙarewa, kuma gara a yi maganarta tun ranar karɓa. Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 5 ko 6, ta haihu bayan kimanin mako 9. In ta haihu a gidan riƙo, 'ya'yan na wa? In masu ita sun zarce Kaduna ko Kano, wa zai ci gaba? In sun samu gida sun zo karɓa, a ba su ita da tsummanta, a kuma gaya musu su sake bin matakan nan daga farko, domin a wurinta wata sabuwar ƙaura ce. In kuwa ta kafu a gidan riƙo, ta tsufa, masu ita suna iya yafe ta, wannan ma jinƙai ne. Abin da bai halatta ba shi ne a gaji da ita a ɗaure a buhu a jefar a bakin tasha ko bayan gari. Wanda ya kasa, ya nemi wani hannun ya miƙa.

Mutanen da suka bar ƙauyukansu sun rasa abubuwan da ba maƙwabciyar da za ta iya mayar musu: gona, rijiya, kabarin iyaye, wasu har da 'yan'uwa. Kaɗan ne daga abin da suka bari ake iya riƙe musu a raye. Mariƙiyar da ta share ɗaki, ta kife kwali, ta yi haƙurin mako uku, ta riƙe musu ɗaya daga ciki. Wata ranar kasuwa yarinyar nan za ta biyo innarta gaisuwa. Za ta yi sallama, ta tsuguna a tsakar gida ta gaida goggonta, sai ta ji wani abu mai laushi yana goga mata ƙafa. Tambayar da ta yi a bayan mota, wadda ba wanda ya amsa, ranar za ta samu amsarta.